Jirgin Ƙasa Mai Ƙanshin Kwakwa

Jikata tana aji huɗu a firamaren garinmu, Gemas. Yarinya ce mai kirki. Aibinta ɗaya ne. Hannunta yana riga bakinta. Kafin ta tambaya, ta riga ta taɓa.

Iyayenta suna aiki a birni, don haka a wurinmu take zaune, ni da kakarta. Ni tana ce mini Atuk. Kakarta kuma Nenek.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina tuƙa jirgin ƙasa. Ranar da na ajiye aiki, abokan aikina suka ba ni kyautar wani ɗan ƙaramin kan jirgi. Tsawonsa bai wuce tafin hannuna ba. Baƙi ne, da jan layi a gefe. Yana da ƙafa takwas, yana jan tarago shida. Da lantarki yake tafiya, a kan ɗan siririn dogo.

Dogon kuwa na abokina Kandiah ne, tsohon shugaban tasha. Shekara tara ya yi yana gina shi a kan katako. Akwai tasha, akwai gada, akwai rami a cikin dutse, har da gonar roba mai 'yan itatuwa kamar tsinken ashana. Duk Laraba nakan kai jirgina gidansa mu kunna. Shi yana surutu, ni ina sauraro.

Wata Laraba muna gidan Kandiah, ni da jikata, sai ga malamarsu, Cikgu Rohana, ta yi sallama. Cikgu a wurinmu malama ke nan.

"Ranar Asabar iyaye za su zo makaranta," in ji ta. "Ko za ku kawo mana jirgin nan yara su gani? Da yawansu kakanninsu ma'aikatan dogo ne."

Kandiah ya yi farin ciki. Ya ce, "Za mu kawo. Amma kada tsofaffi su tuƙa. An gaji da ganinmu. A ba yaro."

Na ce, "Jikata za ta tuƙa."

Jikata ta daka tsalle har ta kusa ture gadar.

Washegari ta tafi makaranta tana ta cika baki. Abin da ya faru a can, daga baya ta ba ni labari. Ƙawarta Norlia, wadda suke zama a benci ɗaya, ita ce ta tsokane ta.

"Jirgin tsofaffi?" in ji Norlia. "Ai na taɓa ganinsa. Kunkuru ma ya fi shi sauri."

"Ƙarya kike! Gudu yake kamar iska."

"To, mu gani ranar Asabar. Zan zo da matashin kai, in barci ya ɗauke ni."

Maganar nan ta tsaya wa jikata a rai.

Yanzu sai na faɗi wani abu game da Nenek. A wurinta, babu abin da man kwakwa ba ya gyarawa. In gashi ya bushe, man kwakwa. In ƙofa tana ƙara, man kwakwa. In sarƙar keke ta yi tsatsa, man kwakwa. Ko sauro ne ya cije ka, kwalbar za ta ɗauko. Da kanta take dafa shi a bayan gida.

Ni ma ina da nawa laifin. Sau da yawa na gaya wa jikata cewa ba mu taɓa barin tasha ba sai na zaga jirgi da butar mai. Ban taɓa gaya mata inda nake zuba man ba.

Ran Alhamis da la'asar na tafi wurin aski. Nenek tana bayan gida tana shanya. Jikata ta buɗe kabad ɗin gilashi ta fito da jirgin. Ta tsiyayi man kwakwa a murfin kwalba. Ta samo gashin kaza. Ta bi ƙafafun nan ɗaya bayan ɗaya tana shafawa, har da na taragan shida. Ba ta bar ko ɗaya ba. Ƙafafun suka yi ta ƙyalli.

Ta mayar da komai wurinsa, ta rufe kabad. A ranta ta yi gwaninta.

Ran Juma'a, bayan mun sauko daga masallaci, ɗan Kandiah ya kwashe katakan a motarsa zuwa babban ɗakin taron makaranta. Muka haɗa dogo. Muka jona wuta. An share ɗakin da safe, ƙura ba ta gama kwantawa ba.

Kandiah ya sa tsohuwar hularsa ta shugaban tasha. Ya hura usur.

"Direba, hanya taki ce!"

Jikata ta murɗa maɓallin akwatin wuta. Jirgi ya tashi. Ya zaga sau ɗaya. Ya zaga sau biyu. A zagaye na uku fitilarsa ta fara ƙiftawa. Da ya zo hawan gada, sai ƙafafun suka yi ta juyawa a wuri ɗaya, shi kuwa bai motsa ba.

"Ƙara masa wuta kaɗan," in ji Kandiah.

Ta ƙara. Jirgin ya yi tsalle, ya tsaya, ya sake tsalle kamar mai shaƙuwa. Da ƙyar ya haye gadar. Ya shiga ramin dutse. Muka jira ya fito. Bai fito ba.

Kandiah ya zura hannu ya ciro shi. Ya dube ni.

"Direba, tsohon jirginka ya gaji. Irin mai shi."

"Ko dai dogonka ne," na ce.

"Dogona? Bari ka ga jirgin kirki."

Ya ɗauko nasa kan jirgin, shuɗi, wanda yake lallaɓawa kamar ƙwai. Shi ma ƙafa takwas gare shi. Ya ɗora shi a dogo. Ya zaga sau biyu lafiya. Sai shi ma ya fara shaƙuwa, ya tsaya cak a gaban tasha.

Kandiah ya cire hula ya sosa kai.

Cikgu Rohana ta ce mu je mu sha shayi tukuna, kai ya huce. Muka je kantin makaranta muka sha. Jikata ba ta taɓa nata ba.

Da muka dawo, sai muka tarar da baƙi. Kiyashi ne, jere a kan dogo, daga gonar roba har zuwa tasha. Wasu sun hau taragai. Wasu suna zagaya ƙafafun jirgina.

"Lallai!" in ji Kandiah. "Jirgi bai tashi ba, amma fasinjoji sun cika tasha. Ko tikiti ba su yanka ba!"

Cikgu ta yi dariya. Amma dariyar Kandiah ba ta daɗe ba. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin katako. Ya bi wayoyi yana taɓawa. Hannunsa yana rawa, kamar yadda yake yi tun bara.

Ni kuwa na ɗauki jirgina na kai hanci. Shaƙa ɗaya na yi na gane. Shekara arba'in ina jin ƙanshin nan a gidana. Na dubi jikata sau ɗaya. Ta sunkuyar da kai. Na ajiye jirgin na jira.

Kandiah ya miƙe da ƙyar. Ya zauna a kujerar yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa.

"Cikgu," ya ce, "ki yi haƙuri. Laifina ne. Na san wata waya na haɗa ba daidai ba. Hannun nan ya daina jin maganata, ido ma haka. Ki gaya wa yara babu jirgi gobe. Zan kwashe kayana. Ina ga lokaci ya yi da zan bar wasan nan."

Jikata ta dubi tsohon. Ta dubi hularsa a kan cinyarsa.

"Kawu Kandiah," ta ce, da wata 'yar siririyar murya. "Ba hannunka ba ne. Nawa ne."

"Naki kamar yaya?"

"Na shafa wa ƙafafun mai. Jiya. Don ya yi gudu."

"Wane irin mai?"

"Na Nenek."

Kandiah ya ɗauki jirgin ya shinshina. Idonsa ya buɗe. Sai ya fashe da dariya har da tari.

"Shi ya sa! Tun ɗazu nake jin yunwa, na rasa dalili. Ashe jirgin ne ke ƙanshin shinkafar kwakwa! Saura gyaɗa da ƙananan kifi mu yi kalaci."

Jikata ba ta yi dariya ba. Hawaye ne ke zuba.

Cikgu ta dafa kafaɗarta. "Kin kyauta da kika faɗa. Amma me ya hana ki tambayi kakanki?"

"Na ɗauka na sani. Atuk ya ce babban jirgi ma sai da mai."

Duka suka juyo suna kallona. Dole na buɗe baki.

"A gaɓoɓi muke zubawa," na ce. "Ba a fuskar ƙafa ba. In mai ya taɓa dogo, jirgi santsi yake yi. A hawa ma yashi muke watsawa, don ƙafa ta kama."

Kandiah ya jawo ta kusa da katako. "Zo ki gani, 'yata. Wannan ɗan jirgin ba ya shan mai. Wuta yake ci. Wutar tana bin dogo, ta shiga ta ƙafa, ta kai ga inji. Ƙafar nan ita ce bakinsa. Mai ya kama ƙura, ƙura ta zama baƙar dauɗa, dauɗa ta toshe baki. Ke in an toshe miki baki za ki ci abinci?"

"A'a."

"To, shi ma haka. Kuma jirginki ya bi dogo ya shafa masa, nawa ya bi ya kwasa."

Cikgu ta duba agogo. "Zai gyaru kafin gobe?"

"Zai gyaru in an wanke kowace ƙafa," in ji Kandiah. "Direba, nawa ne?"

"Nawa takwas. Naka takwas. Tarago shida, huɗu-huɗu."

"'Yata, lissafa."

Jikata ta ƙirga da yatsu. "Arba'in."

"Arba'in, ban da dogo. Wa zai yi?"

Na ce, "Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa."

Jikata ta share hawaye da bayan hannu. "Ni zan yi."

Cikgu ta kawo sifirit daga akwatin magani na makaranta, irin wanda ake goge ciwo da shi. Kandiah ya buɗe jakarsa ya fito da farin ƙyalle, da tsinken auduga na goge kunne, da tsinken sakace. Da fari muka kaɗe kiyashi da buroshi mai laushi.

Na nuna mata sau ɗaya. Na ɗauki wani guntun dogo mai tsabta, na jona masa wuta. Na shimfiɗa ƙyalle a kan rabinsa, na ɗiga sifirit kaɗan. Na ɗora jirgin, ƙafafun baya a kan ƙarfe don su sha wuta, na gaba a kan ƙyalle.

"Riƙe shi. A hankali, kada ki danne. Yanzu murɗa."

Ta murɗa. Ƙafafun suka juya a kan ƙyallen. Da ta ɗaga jirgin, sai ga baƙaƙen layi biyu a kan farin ƙyalle.

"Atuk, dubi! Jirgin yana rubutu!"

"Ja ƙyallen gaba. Sake."

"Har sau nawa?"

"Har ya daina rubutu."

Sau bakwai ta yi kafin ƙyallen ya fito fari. Sannan ta juya jirgin ta yi wa ƙafafun baya. Sannan ta ɗauki na Kandiah, shi kuwa yana tsaye a kanta yana cewa, "A hankali, a hankali, wannan ya girme ki."

Taragai ba su da inji, saboda haka ƙafafunsu ba sa juyawa da kansu. Sai da hannu. Ta kifar da tarago a kan tawul. Ta jiƙa auduga, ta riƙa juya ƙafa da yatsa tana gogewa. Inda dauɗa ta daskare, ta kankare da tsinken sakace. Na hana ta taɓa wuƙa ko allura. Ƙarfe yana yi wa ƙafa zane, zane kuma yana tara datti.

A waje ƙawayenta suna tsallen igiyar roba. Muna jin ihunsu. Ba ta ɗaga kai ba.

Can sai ga Norlia ta leƙo ta taga.

"Ke, direba! An ce kin soya jirgi!"

"Ban soya ba. Mai kawai na sa."

"Saura albasa!"

Jikata ta buɗe baki za ta rama, sai dariya ta kuɓuce mata. Kandiah ya yafito Norlia da hannu.

"Ke mai baki, shigo. Bakin nan da hannu yake tafe ko shi kaɗai ne?"

Ya naɗa mata ƙyalle a yatsa, ya sa ta bin dogo tana gogewa, tun daga tasha har cikin ramin dutse. Hannunta ƙarami ne, ya shiga inda namu ba ya shiga.

Rana ta yi sanyi. Jikata ta gama ƙafa talatin da shida. Yatsunta sun yi baƙi, wuyanta ya ƙage. Saura tarago na ƙarshe, na mai gadin jirgi. Ta ɗauke shi ta juya. Na ga hannunta ya nufi dogo da shi. Sai ta tsaya.

"Atuk, in tambaye ka?"

"Tambayi."

"Wannan a can baya yake. Ba ya cin wuta. Dole sai na wanke shi?"

Na yago farar takarda na shimfiɗa a tebur. "Gara shi a nan."

Ta gara. Ya bar layi biyu masu maiƙo.

"In ya zaga sau uku, ina man zai koma?"

Ta dubi layukan. "Kan dogo. Daga nan kuma ya koma ƙafafun da na wanke."

Ta ɗauki auduga ta zauna. Ta cika arba'in ɗinta.

Ba mu gwada ba, don mai gadin makaranta yana tsaye da makulli. Muka lulluɓe katakon da tsohon zani saboda ƙura, muka tafi.

A gida ta gaya wa Nenek da bakinta. Nenek ta riƙe haɓa.

"Shi ya sa na ga gashin kaza a murfin kwalbata! To, ni dai man nawa ba shi da laifi. Kai ma ka sani."

"Ba shi da laifi," na ce.

"Da ka riƙa yi wa yarinya bayani, da ba a kai nan ba. Mutum sai ka ce an ɗinke masa baki."

Gaskiya ta faɗa.

Ran Asabar da hantsi ɗakin taro ya cika. Iyaye a baya, yara a gaba sun kewaye katako. Na ga tsofaffin abokan aiki guda uku, sun zo da jikokinsu. Norlia tana sahun gaba. Ba ta zo da matashin kai ba.

Kandiah ya gyara hula. Ya ɗaga 'yar koriyar tuta. Ya hura usur.

Jikata ta ɗora yatsu a kan maɓalli. Ta murɗa kaɗan. Fitila ta kama, ba ta ƙifta ba. Jirgin ya bar tasha sannu a hankali, taragai shida suna bin sa. Ya ratsa gonar roba. Ya iso hawan gada.

Na ji ta ja numfashi ta riƙe.

Jirgin ya kama hawa. Bai zame ba. Ya haye gadar kamar mai tafiya kasuwa. Sai ya shige ramin dutse, tarago na ƙarshe ya ɓace.

Wani ƙaramin yaro ya ce, "Ya ɓata!"

Sai ga fitila ta ɓullo ta ɗaya bakin.

Yara suka sa ihu. Iyaye suka yi ta tafi. Kandiah ya hura usur har sau uku, abin da bai taɓa yi ba a tashar gaske.

Norlia ta matso. "Ƙara wuta mana! Ya yi gudu!"

Jikata ta waiwayo ta dube ni. "Atuk, in ƙara?"

"Kaɗan. Ki rage a kwana."

Ta ƙara a miƙaƙƙiyar hanya, ta rage a kwana. Sau ashirin jirgin ya zaga bai tsaya ba. Daga baya Kandiah ya sa nasa shuɗin, suka riƙa wuce juna a tasha. Hannunsa na rawa, amma bai sake maganar kwashe kaya ba.

Da aka kusa tashi, wani uba ya sunkuyo yana kallon ƙafafun.

"Kai, suna ƙyalli. Wane mai kuke sa musu?"

Ni da Kandiah muka dubi juna. Jikata ce ta amsa.

"Ba a sa musu mai, Kawu. Wanke su ake yi. In kana so in nuna maka. Ƙafa arba'in na wanke jiya."

Cikgu Rohana ta tara 'yan ajin kafin su watse. Ta ce wa jikata, "Gaya musu abin da kika koya."

Jikata ta miƙe tsaye. "Abin da ya gyara ƙofa ba lallai ya gyara jirgi ba. In ban sani ba, in tambaya kafin in taɓa. In kuma na yi kuskure, in faɗa da wuri, kada a ɗora wa wani."

"Madalla," in ji Cikgu. "Mai tambaya ba ya ɓata."

A hanyar gida ita ta riƙe akwatin jirgin da hannu biyu. Tambaya ta yi ta jero mini. Me ya sa dogo yake da katako a ƙarƙashi? Ina ake ajiye yashin? Wa yake juya hanya in jirgi biyu sun haɗu?

Na amsa duka, ɗaya bayan ɗaya. Da muka isa ƙofa, Nenek ta leƙo tana mamaki.

"Wa nake ji yana surutu haka tun daga kwana?"

Jikata ta ce, "Atuk ne. Shi ma an wanke masa ƙafa, wuta ta shiga."